Farin Fenti a Ɗakin Inji

Wasiƙar ta zo ne a watan Janairu, ranar da sanyi ya kai sai an lallashi mota kafin ta tashi. Wendell Karhu ya karanta ta a tsaye a ƙofar zauren wasan ƙanƙara na garin Ansel Falls, inda ya shekara talatin da ɗaya yana aiki. Ya naɗe ta gida huɗu ya cusa a aljihu, ya koma ya hau motarsa ta goge ƙanƙara kamar ba a yi komai ba. Waɗanda suka san shi dai sun lura ranar ya ƙara zagaye biyu a kan ƙa'idarsa.

Abin da wasiƙar ta ce ba shi da tsawo. Ƙungiyar mutanen gari da ke riƙe da zauren tun kafin a haifi rabinmu ta gaji, ta miƙa shi ga majalisar gari. Majalisa kuwa tana da dokarta: duk ma'aikacinta sai ya kawo takardar shaidar gama sakandare. An ba Wendell zuwa ɗaya ga Satumba. In ya kawo, aikinsa yana nan. In bai kawo ba, za a nemo wani ya zuba ƙanƙarar hunturu mai zuwa.

Shi kuwa ba shi da ita. Yana ɗan shekara goma sha shida ya fita daga aji wata ranar Talata ya nufi kamfanin katako, kuma har yau bai koma ɗauko jakarsa ba. Ya yi shekara goma a can, sannan ya kama aiki a zauren. Duk wanda ya taɓa ɗaura takalmin ƙanƙara a arewacin Ontario zai gaya maka ba a zuba ƙanƙara irin ta Wendell. Baƙi suna zuwa wasan hoki, wanda ake bugawa da sanda a kan ƙanƙara, su sha kashi a hannun yaranmu, su tafi suna yabon filin. Amma ba a taɓa jin an ba mutum takarda don wannan ba.

Kwana uku wasiƙar tana aljihunsa. A na huɗu matarsa Marlene ta ajiye masa ita kusa da farantin dankali, ta sha guga har ta miƙe.

"Na tsince ta zan yi wanki," in ji ta. "Da yaushe ka shirya gaya mini? Ranar biyu ga Satumba?"

"Ina tunani ne."

"Ai na ga alama. Kwana uku kana tunani har da ƙin cin nama." Ta ja kujera ta zauna. "Saurara, tsoho. Akwai makarantar manya a saman ɗakin karatu na gari. Na je na tambaya. Ba za su mayar da kai aji ɗaya ba. Suna duba abin da mutum ya koya a wurin aiki da zaman duniya, su lissafa masa a matsayin darasi. Abin da ya rage ne kawai za ka zauna ka yi."

"Me na koya? Ruwa nake zubawa ya daskare. Ko kwatami ya iya wannan a watan Janairu."

"To ka je ka faɗa musu haka. Ranar Litinin, ƙarfe goma. Ka sa rigar nan mai shuɗi, kuma ka bar hularka a mota."

Malamar da ke duba irin waɗannan takardu ana ce mata Odette Rancourt. 'Yar siririya ce, ta kai shekara hamsin, da tabarau rataye a wuya, kuma ba 'yar garin ba ce, shekararta biyu da zuwa. Wendell ya shiga ofishinta ya tsaya ƙiƙam har sai da ta ce ya zauna sau biyu. Mutum ne da ya taɓa shiga ɗakin inji iskar gas tana tsiyaya ya rufe famfon da hannunsa, amma ganin jan biro a kan tebur ya tsorata shi.

Ta yi masa bayani a hankali. Maki talatin ake nema, kowane darasi maki ɗaya. A cikin makonni shida ta tono tsohon sakamakonsa na makaranta, ta ba shi wasu 'yan gwaje-gwaje ya ci, ta sa ya kwaso duk wata takarda da ke gidansa: ta agajin gaggawa, ta aikin sa kai na kashe gobara, ta kula da injin sanyi, har da lasin tuƙin babbar mota. Da ta gama tattarawa a farkon Maris, yana da ashirin da uku.

"Saura bakwai," ta ce. "Huɗu daga ciki doka ta ce sai ka zauna a aji ka yi su, ko da kai ka ƙera duniya. Ukun nan su ne maganar. In ka kawo mini shaida cewa ka riga ka san su, zan ba ka. In babu shaida, sai ka zauna ka yi bakwai ɗin duka."

"Bakwai za su shiga kafin Satumba?"

"Ba za su shiga ba. Biyar ma da ƙyar." Ta sa tabarau ta dube shi. "An ce mini kana rubuta abin da kake yi kullum a wurin aiki."

"Ɗan abin da ba a rasa ba."

"Shi nake so in gani. Zan zo ranar Alhamis."

Abin da Wendell bai sani ba shi ne Marlene ta riga shi hawa wannan benen, ta ba malamar labarin bangon ɗakin inji tun daga tushe. Ɗakin inji yana bayan zauren, inda injuna biyu ke tura ruwan gishiri mai sanyi cikin bututun da ke ƙarƙashin filin. Kowace safiya, tun ranar da ya kama aiki, Wendell yana ɗaukar fensirin da ya ɗaure da igiya ya rubuta a jikin bango: kwanan wata, sanyin waje, sanyin ruwan gishiri, kaurin ƙanƙara, mutum nawa ake sa rai, da abin da ya yi a kai. Ya fara daga hagun ƙofa daidai kafaɗarsa, ya zagaye ɗakin, ya hau tsani ya ci sama, sannan ya durƙusa ya ci ƙasa. A tsakanin lambobin akwai lissafinsa, da wanda ya soke da wanda ya gyara, da 'yan maganganu irin su "inji na biyu yana tari" ko "baƙi sun ce laifin ƙanƙara ne, ƙarya suke yi". Malama Rancourt ta riga ta ware wa bangon nan makinta uku a zuciya: lissafi, kimiyya, da rubuta rahoton aiki.

Shi kuwa Wendell da ya sauko daga benen, abu ɗaya ne a kansa: malama za ta shiga ɗakin inji. Rabon da wata malama ta ga rubutunsa a jikin bango tun yana aji biyar, kuma ranar yini ya yi da soso da bokiti yana gogewa. Ban da haka, a garinmu in za a yi babban baƙo, abu na farko da ake nema shi ne fenti. Mun taɓa shafe gadar gari saboda wani minista da a ƙarshe ta jirgin sama ya wuce. Don haka ya biya kanti ya sayi sabon littafi mai baƙin bango da biro mai kyau, ya kwashe yini biyu yana kwafe lambobin wata biyu na baya a ciki, layi-layi, ba suka ba gyara. Ranar Talata kuma ya shigo da galan huɗu na farin fenti.

Clifford Dubeau, ƙanin Marlene, shi ke da ɗan shagon cikin zauren, yana sayar da gahawa da soyayyen dankali, yana wasa wa mutane ƙarfen takalman ƙanƙara. Ya leƙo da kofi a hannu ya tarar da mijin yayarsa a kan tsani.

"A'a, ɗan makaranta, bikin wa ake yi?"

"Malama ce za ta zo jibi."

"Shi ne har da kwalliya? Ni shekara ashirin ina roƙonka ka shafa wa shagona fenti." Ya kurɓi gahawa yana kallon bangon. "Amma fa gaskiyarka. Ɗakin nan kamar na wanda aka ɗaure yana ƙirga kwanaki. In ta ga wannan, aji ɗaya za ta mayar da kai."

"To ajiye kofin ka ɗauki buroshi, bakinka ya huta."

Ina ma a ce Wendell malalaci ne. Malalaci zai shafa sau ɗaya, fensir ya riƙa leƙowa ta ƙarƙashi. Amma mutumin da ya yi rayuwarsa yana zuba ruwa siriri-siriri, wani a kan wani, har ya zama ƙanƙara mai kaurin inci da kwata, ba zai yi wa bango aikin ganin ido ba. Ya wanke shi, ya sa fentin ƙasa, ya jira ya bushe, ya bi da biyu a kai. Da safiyar Alhamis ɗakin inji yana ɗaukar ido kamar asibiti.

Malama Rancourt ta iso ƙarfe tara, Marlene na biye da ita wai ta zo ne kawo wa ƙaninta tawul. Malamar har ta fito da wayarta don ɗaukar hoto tun kafin a buɗe ƙofa. Wendell ya buɗe, ya matsa gefe, ya ɗan ɗaga ƙirji.

Ta shiga ta juya hagu, ta juya dama, ta ɗaga kai sama. Ta sa tabarau, ta sake cirewa.

"Akwai wani ɗakin injin ne?" ta tambaya.

"Wannan ne kaɗai, Malama."

Marlene ta matso. Ta taɓa bangon da ɗan yatsa, ta duba yatsan, sannan ta dubi mijinta irin kallon da ake yi wa karen da ya kawo mushen tsuntsu falo yana kaɗa bindi.

"Wendell Karhu," ta ce a hankali, "me ka yi?"

"Gyara na yi." Ya miƙa wa malamar baƙin littafin da hannu biyu. "Ga rubutun nan, Malama. Na kwafe da tsabta."

Malamar ta buɗe ta duba shafi ɗaya, biyu, har zuwa inda rubutun ya ƙare. Lambobi ne tsaf, babu lissafi ko ɗaya, domin Wendell ya ga lissafin duk soke-soke ne, bai dace a nuna wa malama ba.

"Wata biyu ne wannan," ta ce. "Kuma amsoshi ne kawai. Ni hanyar da ka bi ka kai ga amsar nake nema, da yadda ta canja daga shekara zuwa shekara. Bangon na zo gani, Malam Karhu. Shi ne shaidarka. Maki uku ne a jikinsa."

Clifford, wanda ya laɓe a bakin ƙofa da sauran farin fenti a gashin hannunsa, ya ja da baya sannu a hankali.

"Dawo nan, Clifford," in ji Marlene ba tare da ta juya ba. "Na ga hannunka."

"Ni buroshi kawai aka ba ni, Yaya. Ɗan kwangila ne ni."

"Ku biyu, shekarunku in an haɗa sun haura ɗari. A ce a cikinku an rasa mai ɗaga waya ya tambaye ni?"

"Fentin dai ya yi kyau," in ji malamar, tana ƙoƙarin danne wani abu a bakinta. "Wannan kam ba a ja."

Wendell bai yi dariya ba. Lissafin bakwai da biyar ba ya bukatar fensir. Ya tsaya da hularsa a hannu, kunnuwansa sun yi ja, ya ga Satumba ta zo, wani baƙo daga kudu yana zaune a kan motarsa yana zuba ruwa da yawa a lokaci ɗaya.

Malama Rancourt ba muguwa ba ce, amma ba ta sa hannu a kan labari. Ta ce akwai wata hanya: in takarda ta ɓata, mutum yana iya nuna abin da ya sani a gabanta. Suka koma ɗan ofishin da ke kusa da shago, ta ba shi farar takarda da biro.

"Jibi Asabar kuna da gasa, ko? Na ji an ce gari zai yi ɗumi, har da ruwan sama. Rubuta mini abin da za ka yi wa filin, da dalili, da lissafin."

Wendell ya riƙe biro. Ya rubuta kwanan wata. Ya ja layi a ƙarƙashinsa. Takardar ta zuba masa ido, shi ma ya zuba mata. Minti goma suka wuce, ba abin da ake ji sai man Clifford yana tafasa a shago. Duk abin da ya sani, wanda a kan mota yake zuwa masa ba sai ya kira ba, ya tsere ya bar shi da kujera da tebur da mace mai tabarau.

"Ba ya zuwa, Malama," ya ce daga ƙarshe. "A zaune ba ya zuwa."

Ta lura tun ɗazu idonsa yana zamewa daga takardar ya koma jikin bangon ofis, daidai tsayin kafaɗa. Ta miƙe ta ce ya biyo ta. A ɗakin inji fensirin yana nan rataye da igiyarsa, shi kaɗai ya tsira. Ta ɗauka ta miƙa masa.

"Malama, fentin sabo ne."

"Na sani."

"Sau uku muka shafa."

"Rubuta, Malam Karhu. Ni ce malamar, ni na ce ka rubuta."

Ya dubi Marlene. Ta harɗe hannu a ƙirji. Ya matsa hagun ƙofa, ya sa bakin fensir a farin bangon, sai hannun ya kama tafiya da kansa. Digiri tara sama da sifili a waje, da ruwan sama. Mutum ɗari huɗu, kowa da jiƙaƙƙiyar riga yana numfashi. Wasa takwas. Ya raba, ya ninka, ya soke wata lamba ya rubuta wata a samanta, yana yi yana magana da bangon, ya manta da wadda ke bayansa. Gobe Juma'a zai kankare filin ya rage masa kauri, domin ƙanƙara mai kauri ba ta jin sanyin bututu da wuri. Zai sauke zafin ruwan gishiri da digiri biyu, amma tun azahar ɗin Juma'a, kaɗan-kaɗan, don in aka matsa wa ƙanƙarar da safiyar Asabar tsagewa za ta yi. Tsakanin wasa da wasa zai rage ruwan da mota ke zubawa da kashi ɗaya cikin uku.

"Ruwan zafi kake zubawa?" malamar ta tambaya tana ɗaukar hoto. "Me ya sa ba na sanyi ba?"

"Na sanyi yana da iska a ciki. Yana daskarewa fari, ya yi gautsi, kuma zama yake yi a sama kawai. Na zafi yana ɗan narkar da ta ƙasa su kama juna."

"Wa ya koya maka?"

"Ba kowa. Shekara uku na yi ina ɓata ta." Ya juya ya taka zuwa kusurwar da ke bayan inji na biyu. "An taɓa yin rana irin wannan sak, shekarar da aka haifi 'yarmu Joanne. Ranar ban sauke da wuri ba, filin ya zama kunu. Ga shi nan ma, na rubuta..."

Ya ɗora yatsa a wurin, daidai ƙugunsa, ba tare da ya nema ba. Babu komai sai fari. A ƙarƙashin yatsan nan, ban da lambobin, akwai inda ya rubuta nauyin jaririyar da lokacin da ta zo, domin daga asibiti nan ya wuto ya kunna inji. Can sama kusa da fitila akwai ranar da aka binne mahaifinsa, da sanyin da aka yi ranar. Bai taɓa ɗaukar bangon a matsayin wani abu ba, wurin ajiye lamba ne kawai. Sai a lokacin baƙin ciki ya kama shi sosai, irin na mutumin da ya yi wa kansa ɓarna da hannunsa kuma da kyakkyawar niyya. Marlene ta buɗe baki za ta ƙara masa, ta ga fuskarsa, ta rufe. Ta matso ta kakkaɓe masa wata ƙura da babu ita a kafaɗa.

Malamar ta ba su ɗan lokaci tana duba hotunanta, sannan ta ce, "Lissafin ya yi mini daidai a ido. Amma ni ban san ƙanƙara ba. Ita za ta yi maka maki ranar Asabar, ni shaida ce kawai."

Asabar ta zo da ruwa kamar yadda aka faɗa. Dusar ƙanƙarar da ke bakin titi ta zama caɓi, mutane suka cika zauren suna tururi kamar dawaki. Labarin fenti kuwa ya riga ya zaga gari, domin abin da Clifford ya sani, mai sayen dankali ma ya sani. Duk zagayen da Wendell ya fito da mota sai wani daga cikin 'yan kallo ya ɗaga murya ya ce a zo a shafa masa gareji. Wendell bai ɗaga kai ba. Malama Rancourt tana zaune a layi na uku da takardarta a cinya, bayan kowane wasa biyu ta sauko ta sa ma'aunin sanyi a kan filin, ta gwada da abin da ke rubuce a hoton.

Da la'asar aka tashi daga wasa na takwas. Filin yana nan da ƙarfinsa, babu tabkin ruwa a kusurwa ko ɗaya. Malamar ta ari takalma a wurin Clifford, ta ce rabonta da su shekara ashirin. Ta shiga tana dafa katangar gefe, ta saki, ta yi taku shida masu kyau, a na bakwai ta samu damar duba ƙanƙarar daga kusa sosai. Wendell ya zo ya ɗaga ta.

"Tana da tauri," ta ce tana murza gwiwa. "Na tabbatar." Ta zauna a benci ta fito da jan biron nan. "Lissafi da kimiyya, na ba ka. Na rahoton aiki ba zan ba ka ba. Na yarda ka yi shi shekara talatin da ɗaya, amma ban gani ba, kuma ba na sa hannu a kan abin da ban gani ba. Darasi biyar ke nan za ka zauna. Za su shiga, in ka haƙura da kamun kifi bana."

"Duka bazarar?"

"Duka," in ji Marlene daga bayansa. "Kifayen ma su huta."

Haka aka yi. Aka narkar da filin a watan Afrilu kamar kowace shekara, kwalekwalen Wendell ya yini ya kwana a kife a bayan gida har ciyawa ta fito ta gefensa. Kwana huɗu a mako yana hawa benen nan da jakar da Joanne ta aiko masa, wadda Clifford ya ce saura a sa masa biskit a ciki. Ya zauna tsakanin wata mai jego da wasu tsofaffin ma'aikatan katako biyu da ya sani tun suna da gashi. Tarihi ya ba shi wuya, ya ce mutanen duk sun mutu kuma ba su bar lamba ba. A darasin rahoton aiki malamar ta bar shi ya manna takardarsa a bango ya rubuta a tsaye. Takardar shaidar ta fito saura kwana uku wa'adi ya cika.

Akawun majalisa, Darryl Koski, mutum ne mai shekara arba'in da 'yan kai, wanda Wendell ya sha ɗagowa daga kan ƙanƙara yana kuka da majina lokacin da yake koyon tsayuwa. Shi ya sa hannu a wasiƙar Janairu, kuma tun daga lokacin in ya hango Wendell a kanti sai ya sha kwana. Ya karɓi takardar, ya sa a injin kwafi, injin ya yi ƙara sau ɗaya. Ya jefa kwafin a aljihun tebur ya miƙo ta asalin.

"Shi ke nan, Baba Wendell. Ranar Litinin sai ka dawo ka fara zuba ruwa."

Wendell bai karɓa ba.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Dama ƙa'ida ce kawai, ka san ba ni na..."

"Ba ka karanta ba."

"Ai na san abin da ke ciki."

"Darryl, kai ka rubuto kana son ta. Na kawo maka. Karanta."

Akawun ya dubi matar da ke ɗaya teburin, ita kuma ta ajiye abin da take bugawa ta gyara zama. Ya share murya. Ya fara karantawa ƙasa-ƙasa da sauri, Wendell ya ce ba ya ji, kunnensa ya sha ƙarar inji. Sai ya miƙe tsaye ya karanta da ƙarfi, tun daga sunan lardi, zuwa inda aka ce mai wannan suna ya cika duk sharuɗɗan kammala sakandare, har zuwa sunan kansa: Wendell Aarne Karhu. Aarne sunan mahaifinsa ne, kuma rabon da ya ji wani ya faɗe shi da baki tun a coci ranar aurensa.

Daɗi ya kama shi har ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya sa shi a kan agogon bango. Ya karɓi takardar ya mayar cikin ambulan a hankali, bai naɗe ta ba.

"Ba Litinin ba," ya ce. "Simintin filin yana bukatar kwana uku ya yi sanyi kafin ya ga ruwa. Yau zan kunna inji."